Sankarar huhu da gado: me ake gada, me hayaƙi ke jawowa?

Tun da gwajin jini kafin aure ya zama doka a Jihar Kano a 2024, maganar AA da AS da SS ta ratsa ƙauyuka sosai. Yau ko a ƙauyukan Rano ko na Gabasawa, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta gaya maka cewa in AS ya auri AS ana iya haifar mai sikila. Wannan ci gaba ne babba, kuma ina murna da shi. Sai dai ya zo da wani abu a bayansa: mutane sun fara auna kowane ciwo da mudun sikila. Da an ce ciwo kaza yana bin dangi, abin da ke faɗowa a rai shi ne akwai gwaji guda da za a yi a ce wane yana da shi, wane ba shi da shi, daga nan a san gidan da za a nemi aure da gidan da za a kauce wa. Gadon sankarar huhu ya sha bamban da wannan, kuma rashin gane bambancin yana cutar da mutane ta fuska biyu. Wasu suna tsorata ba gaira ba dalili, wasu kuma suna sakin jiki alhali a bakin rami suke.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Duk cikin nau'o'in sankara babu wadda ta kai ta huhu kisa. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da ita, kusan miliyan 1.8 kuma suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na masu ciwon, taba ce sanadinsu. An tabbatar da haka tun 1950, lokacin da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka bi asibitocin Landan suna tattara bayanan marasa lafiya, suka tarar kusan duk mazan da ke kwance da sankarar huhu mashaya taba ne. Mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha shiga hatsarin sau 15 zuwa 30. Ina so mai karatu ya riƙe wannan adadi da kyau, domin duk adadin da zai biyo baya game da gado da shi za mu gwada.

To amma kowa ya san amsar da ake bayarwa a majalisa in an yi wa saurayi faɗa kan taba: "Rabu da su, Baffa wane tun zamanin Sardauna yake busawa, ga shi nan har yanzu shi ke zuwa gona." Ba ƙarya suka yi ba, akwai irin waɗannan tsofaffi. Binciken da Richard Peto da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 ya nuna cewa a Birtaniya, cikin maza 100 da suka ci gaba da shan taba, wajen 16 ne sankarar huhu ke ɗauka kafin su cika shekara 75. Sauran ma ba lafiya lau suka tsira ba, da yawansu ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da toshewar huhu ne ajalinsu. Duk da haka tambayar tana nan: me ya ware waɗannan 16 daga cikin sa'o'insu? Ga kuma tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo a ƙauye: yaya aka yi matar da ba ta taɓa kai karan sigari bakinta ba take kamuwa? Wani yanki na amsar yana cikin abin da aka haifi mutum da shi.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, kuma a cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Masana suna karanta zaren da haruffa huɗu, A, C, G da T, kuma abin da mutum ya karɓa daga kowane ɓangare ya kai haruffa biliyan 3. A ciki akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowace da aikinta. Wata tana ba da umarnin yadda za a haɗa jini, wata yadda hanta za ta narkar da guba, wata kuma ita ke cewa ƙwayar halitta ta rabu biyu ko ta dakata. Ni da kai da Bature da mutumin Sin, haruffanmu sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100. Ɗan ragowar nan ne ya sa wani dogo wani gajere, wani SS wani AA, wani kuma huhunsa ya fi na ɗan'uwansa jure guba. Sankara tana tasowa ne idan ƙwayoyin gadon da ke kula da rabuwar ƙwayar halitta suka lalace ɗaya bayan ɗaya, har ƙwayar ta daina jin umarni ta shiga hayayyafa ba ji ba gani. Kuskure guda ba ya jawo ta, sai sun taru, shi ya sa takan yi shekara ashirin ko talatin tana ƙulluwa kafin a ji tari na farko.

A nan ake yawan ruɗewa, don haka bari in ɗan tsaya. Canjin haruffa iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya zo da shi daga cikin uwa, yana cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinsa daga kai har ƙafa, kuma yana iya miƙa shi ga 'ya'yansa. Akwai kuma wanda ya same shi bayan haihuwa, a wuri guda, saboda abin da ya shaƙa ko don tsufa. Mafi yawan lalacewar da ake gani a cikin ƙari, wato kumburin da sankarar huhu ke yi, iri na biyu ce. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa mai shan kwalin sigari guda kullum, a shekara ɗaya kowace ƙwayar halitta ta huhunsa tana tara sababbin kurakurai wajen 150. Waɗannan a huhunsa suke, a can kuma suke ƙarewa. Uban da taba ta lalata wa huhu, wannan lalacewar ba ta bin ɗansa ta jini. Sankarar kanta kuma ba a ɗaukarta. Ba tarin fuka ba ce, ba ta bin numfashi ko kaki, don haka babu dalilin ware wa mai ita kwano da moɗa, ko hana jikoki shiga ɗakinsa. Na faɗi wannan da ƙarfi domin kaɗaicin da ake jefa masu ciwon a ciki zalunci ne da ba shi da tushe.

Abin da ake gada shi ne yanayin jikin da hayaƙin zai tarar. Tun 1963 George Tokuhata da Abraham Lilienfeld a Amurka suka lura cewa dangin masu sankarar huhu sun fi sauran jama'a mutuwa da ita, ko da an cire lissafin taba. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama daga baya ya nuna cewa wanda uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon, hatsarinsa ya ƙaru da kamar rabi. Sai dai 'yan gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba. Sun haɗa ɗaki, sun haɗa madafa, sun haɗa sana'a, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron da ya tashi ana aikensa wurin mai tebur ya sayo wa Baba kara biyu, ba sai an koya masa ba. Don a raba tsakanin jini da zama tare, masana sun koma ga tagwaye. A 2016 aka wallafa sakamakon bin diddigin tagwaye sama da 200,000 na Denmark, Finland, Norway da Sweden, aka gwada masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba. Rabon gado a bambancin hatsarin sankarar huhu ya tsaya wajen kashi 18 cikin 100, na sankarar mama kuwa ya kai kashi 31. Gado yana da hannu ke nan, amma ƙaramin hannu ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan fage shi ne inda hannun ya fara bayyana. A 2008 ƙungiyoyin bincike uku, kowace da aikinta daban, ɗaya daga cikinsu a ƙasar Iceland, suka duba haruffan dubban masu ciwon da dubban masu lafiya, duk suka tsaya a wuri ɗaya a kan kuromosom na 15. An zaci za a tarar da wata ƙwayar gado mai kula da huhu. Sai aka tarar da wasu uku a jere, CHRNA5, CHRNA3 da CHRNB4, waɗanda aikinsu shi ne ƙera wurin da nikotin, sinadarin taba mai sa a kasa barinta, ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa. Wanda ya gaji wani canjin harafi a CHRNA5 daga ɓangare ɗaya, hatsarinsa ya ƙaru da kamar kashi 30 cikin 100. Wanda ya gada ta uwa ta uba, da kashi 70 zuwa 80. Yadda abin ke aiki kuwa shi ne, a ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da ke sa mutum ya ji jiri da tashin zuciya in nikotin ya yi yawa, wato jiki yana ce masa ya isa haka. Mai wannan canji, wannan gargaɗin ya yi rauni a wurinsa. Yana ƙara yawan karare, yana zuƙa da zurfi, kuma bari yana yi masa wuya fiye da abokinsa. An ga cewa irin waɗannan mutane kan makara wajen barin taba da kimanin shekara huɗu, ciwon kuma kan riske su da wuri da kimanin shekara huɗu.

Wannan ya kamata ya sauya yadda muke magana da mashaya. Sau nawa muka ji an ce wa mutum, "Yayanka rana ɗaya ya ajiye, kai ne dai ba ka da zuciya"? Wataƙila ba zuciya ce ta raba su ba. Nauyin da ke kan ƙanen ya fi na yayan, kuma gori ba ya rage nauyi. Wanda ya gwada bari sau uku ya kasa, taimako yake buƙata: ma'aikacin lafiyar da zai zauna da shi, da magungunan rage ƙishirwar nikotin in ana samu, da abokan da ba za su miƙa masa kara a majalisa ba.

Akwai wata ƙwayar gado mai suna CYP2A6, wadda ke ƙera sinadarin da hanta ke narkar da nikotin da shi. Wanda tasa ke aiki da sauri, nikotin na ƙarewa a jininsa da wuri, sai ya sake kunna wata. Wanda tasa ke tafiyar hawainiya yakan sha kaɗan, kuma a Japan, inda masu irin wannan jinkiri suke da yawa, an ga hatsarinsu ya ragu. Ga kuma wani abin lura: ba duk gubar hayaƙi ce ke cutarwa yadda ta shigo ba. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, wajen 70 daga ciki an san suna jawo sankara, kuma wasunsu sai jiki ya taɓa su, a ƙoƙarinsa na fitar da su, sannan suke rikiɗa su zama masu kama DNA. Ƙwayar gado irin su CYP1A1 ce ke yin wannan matakin na farko. Mataki na biyu, na ɗaure gubar a fitar da ita ta fitsari, yana hannun wasu irin su GSTM1, wadda kusan rabin Turawa an haife su babu ita sam, a Afirka kuma marasa ita ba su kai haka yawa ba. Wanda matakinsa na farko ke gudu na biyu kuma ke ɗingishi, guba takan daɗe a jikinsa. A 1996 aka nuna ƙuru-ƙuru cewa ɗaya daga cikin waɗannan gubobi na hayaƙi tana zuwa ta lafe daidai wuraren da ake samun lalacewa a TP53, ƙwayar gadon da ke tsayar da lalatacciyar ƙwayar halitta ko ta kashe ta.

Akwai sauran wurare da aka gano, kamar TERT a kuromosom na 5 da wani yanki a kuromosom na 6, kuma babban binciken 2017 ya lissafa wurare 18. Kusan dukkansu ƙarin da suke yi kaɗan ne, kashi 10, kashi 20. A 2014 an gano wani canji a BRCA2, wadda aka fi sani a sankarar mama, da ke ninka hatsarin wani nau'in sankarar huhu kamar sau biyu, kuma wajen mutum 2 cikin 100 na Turawa ke ɗauke da shi.

Yanzu a ajiye waɗannan a gefen adadin farko. Gado yana ƙara kashi 30, kashi 80, in ya yi tsanani ya ninka biyu. Taba tana ninkawa sau 15 zuwa 30. Duk wanda ya taɓa gina katangar ƙasa ya san ƙasar wani wuri tana da danƙo, ta wani wuri yashi ya yi mata yawa. Da rani duka biyun a tsaye suke, ba mai iya bambance su. Ruwan Agusta ne ke nuna wadda za ta fara zubewa, kuma in ruwan ya yi yawa ya daɗe yana dukan gini babu yaɓe babu indararo, mai danƙon ma ba ta tsira. Baffan majalisa ƙasarsa mai danƙo ce, ko kuma sa'a ya taka. Jikansa da ke kafa hujja da shi rubu'in haruffansa kawai ya samu daga gare shi, sauran daga wasu kakanni uku suka zo.

Akwai dai wasu gidaje ƙalilan da gadonsu ya fi ƙarfin wannan lissafi, kuma bai kamata a ɓoye su ba. A 1969 likitoci biyu, Frederick Li da Joseph Fraumeni, suka bayyana wasu iyalai da sankara iri-iri ke bi tun suna yara: ta ƙashi, ta tsoka, ta mama, ta ƙwaƙwalwa, ta jini. A 1990 aka gano cewa TP53 ɗinsu ce aka haife su da ita a lalace daga ɓangare guda. Kowane ɗa a irin wannan gida yana da rabi da rabi na gadonta, kuma sankarar huhu na cikin abin da kan same su ko ba su sha taba ba. A 2005 kuma likitoci a Boston suka ba da labarin wani iyali da mutum da yawa suka yi sankarar huhu, aka tarar suna gadon wani canji a ƙwayar EGFR da ake kira T790M. Irin waɗannan da wuya a samu mutum guda cikin dubbai. Alamarsu a bayyane take: mutum uku, huɗu a zuriya ɗaya, ta ɓangare guda, suna kamuwa da ƙuruciya, wasu ma da sankara fiye da ɗaya. Kaka guda da ya rasu da ciwon huhu yana da shekara saba'in bayan ya sha taba rabin rayuwarsa bai mai da gidansu irin wannan gida ba, kuma fasa aure a kan haka ba shi da hujja a likitance.

Sai dai akwai giɓin da ya shafe mu kai tsaye. A lissafin da aka yi a 2016, wajen kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan binciken haruffa a kansu Turawa ne, masu asalin Afirka kuwa kamar kashi 3, su ma galibi baƙaƙen fatar Amurka. Alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin haruffa a tsakaninsu. Canjin nan na CHRNA5 da ya yi suna, ya yawaita a Turawa amma ba kasafai ake samunsa a 'yan Afirka ta Yamma ba. Saboda haka gwajin hatsarin da aka gina a kan jinin Turawa ba zai auna Bahaushen Gumel ko Bafulatanin Birnin Kudu daidai ba, kuma duk wanda ya tallata maka irin wannan gwaji a intanet ya ce zai gaya maka ko za ka yi sankarar huhu, riƙe kuɗinka. Shirin H3Africa da aka ƙaddamar a 2010, wanda masanin nan ɗan Najeriya Charles Rotimi yana cikin waɗanda suka assasa shi, an kafa shi ne don cike irin wannan giɓi. Ɗan abin da aka sani kuma ba mai kwantar da hankali ba ne. Wani bincike na 2006 da ya bi mutum sama da 180,000 a Hawaii da Los Angeles ya nuna cewa a cikin masu shan kara 10 ko ƙasa da haka a rana, hatsarin Turawa bai kai rabin na baƙaƙen fata ba. Dalilan suna da yawa, ba jini kaɗai ba, amma mai cewa "ni fa kara uku kawai nake sha" ya kamata ya ji wannan. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A tasha da bakin kasuwa kowa na ganin yadda ake bin ta.

Mu koma kan matan da ba su taɓa shan taba ba, domin a ƙauyukanmu nan ne zuciyar maganar take. Zama da mai busa sigari a ɗaki ɗaya yana ƙara hatsari da kashi 20 zuwa 30. Amma hayaƙin da macen karkara ta fi shaƙa na murhu ne. Tun tana 'yar shekara bakwai take hura wuta. Kara, itace, busasshen kashin shanu, wani lokaci a haɗa da leda ko tsohon takalmin roba don wutar ta kama da sauri. Da damina itacen ɗanye ne ko jiƙaƙƙe, girkin kuma ya koma cikin ɗaki. Da hunturu a shigo da kaskon wuta a rufe ƙofa. In ta haihu, ga wutar ruwan wankan jego safe da yamma har a yi arba'in. In sana'arta tuyar ƙosai ce, ko ƙuli-ƙuli, ko turara shinkafa irin ta matan Kura, to wuni take a bakin wuta, sau da yawa da goyo a baya. Kowa ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar da ta lulluɓe azarar madafa, ya tuna cewa iskar da ta shafa ta ita Inna ke shaƙa.

Akwai wata gunduma a lardin Yunnan na ƙasar Sin mai suna Xuanwei, inda mata kusan ba sa shan taba amma sankarar huhu ta yi musu yawa ƙwarai. Dalilin shi ne wani kwal mai hayaƙi da suke girki da shi a ramin wuta cikin ɗaki babu mafitar hayaƙi. A can aka ga abubuwa biyu da suka haɗa dukkan wannan bayani. Na ɗaya, waɗanda aka haifa babu GSTM1 sun fi maƙwabtansu kamuwa da fiye da ninki biyu, alhali a wurare masu tsabtar iska rashin ta ɗan ƙari kaɗan yake yi. Na biyu, gidajen da suka koma murhu mai bututun fitar da hayaƙi, ciwon ya ragu a cikinsu da sama da kashi 40 cikin 100, ba tare da an taɓa jinin kowa ba. Kwal ɗinsu ya fi itacenmu guba, gaskiya ne. Hukumar ta Lyon ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, hayaƙin itace kuma a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Amma taga a madafa, girki a rumfa maimakon ɗaki, busasshen itace, murhu mai rage hayaƙi, da daina cusa leda a wuta, duk suna hannun maigida da uwargida, kuma ko babu maganar sankara suna rage ciwon ƙirjin yara da toshewar huhun tsofaffi. Maza ma suna da nasu: ƙurar fasa dutse, hayaƙin injin dizal a ɗakin niƙa marar iska, da ƙurar tsohon rufin asbesto in ana farfasa shi, duk an tabbatar suna jawo sankarar huhu, kuma in suka haɗu da taba abin ya fi muni.

Ga wanda ya riga ya fara sha, lissafin Peto yana da sauran rabi da ba a cika faɗa ba. Hatsarin da ya kai 16 cikin 100 ga wanda ya ci gaba, ya sauka zuwa 10 ga wanda ya bari a shekara 60, zuwa 6 ga wanda ya bari a 50, zuwa 3 a 40, zuwa 2 a 30. An kuma ga cewa masu ɗauke da canjin CHRNA5 suna cin moriyar bari daidai da kowa.

Inda sanin tarihin gida ya fi amfani a wurinmu shi ne gaban likita. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma alamominsa da na sankarar huhu kusan ɗaya ne: tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, jini a kaki, rama, ciwon ƙirji, haki, wani lokaci dishewar murya. Abin da ke faruwa sananne ne. A fara da kemis, a koma jiƙe-jiƙe, wani ya ce sammu ne ko jifa, a ƙarshe a je asibiti a ɗora mutum kan maganin tarin fuka na wata shida. Tarin da ya wuce mako biyu, daidai ne a fara da gwajin kaki na tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Amma in gwajin bai nuna komai ba, ko an yi wata biyu ana shan magani bisa ƙa'ida jiki na ƙara lalacewa, to lokacin neman hoton ƙirji ne da takardar turawa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Mutum na iya haɗa ciwon biyu a lokaci guda, kuma tabon da tsohon tarin fuka ya bari shi kansa yana ƙara hatsarin sankara. A nan ne ya dace ɗan rakiya ya buɗe baki ya ce, "Likita, mahaifinta da yayanta duk da ciwon ƙirji irin wannan suka rasu, yayan bai kai hamsin ba." Ya faɗi shekarun da ta yi tana tuya, ya faɗi ko mijinta na busawa a ɗaki. Kunya da kara kan hana mu faɗar irin wannan, alhali shi ne abin da zai sa likita ya duba gaba da tarin fuka.

In an tabbatar sankara ce, likita na iya cewa a yanki ɗan nama daga ƙarin a aika gwajin ƙwayoyin gado, kuma nan dangi kan firgita su ɗauka ana duba ko ciwon zai bi 'ya'ya ne. Manufar gwajin daban take. Tun 2004 aka gano cewa wasu ƙarin, musamman na matan da ba su sha taba ba, suna da lalacewa a EGFR da ta auku a huhun kaɗai, kuma irinsu suna jin wasu ƙwayoyin haɗiya kamar gefitinib, erlotinib da osimertinib fiye da yadda suke jin ƙarin ruwan sankara da aka saba. Gwajin na zaɓen magani ne ga marar lafiyar, sakamakonsa kuma yawanci bai shafi 'ya'yanta ba. Sai in an tarar da T790M tun kafin ta sha ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ko kuma gidan na da jerin masu sankara da ƙuruciya, sannan likita zai kawo shawarar a ɗebi jininta a duba ko haihuwarta aka yi da canjin, daga nan kuma a san waɗanda za a kira cikin 'yan'uwanta.